Saƙon sallama na kuskure da na gaske: shekara guda a kamfanin inshorar Aviva

Ranar Juma'a 20 ga Afrilu 2012, ma'aikata kusan 1,300 na Aviva Investors, reshen zuba jari na kamfanin inshorar Aviva na Birtaniya, suka buɗe imel ɗinsu suka tarar da saƙo iri ɗaya daga sashen kula da ma'aikata. Saƙon yana tuna musu su mayar da kayan kamfani kafin su fita, su riƙe sirrin kamfani bayan sun tafi, sannan ya yi musu fatan alheri. Irin takardar da ake ba mutum ce a ranarsa ta ƙarshe a wurin aiki. Mutum ɗaya aka yi niyyar aika wa, sai ta tafi wa kowa, daga Landan har ofisoshin reshen da ke ƙasashen waje. Ba a jima ba wani saƙon ya biyo baya da ban haƙuri, mai magana da yawun kamfanin kuma ya shaida wa manema labarai cewa kuskure ne, ba wanda aka kora.

Jaridu suka ɗauki labarin a matsayin abin dariya, aka yi kwana biyu ana raha da shi aka wuce. Saura kwana biyu shekara ta zagayo, ranar 18 ga Afrilu 2013, kamfanin ya fitar da wata sanarwar. Wannan karon ba kuskure a ciki: za a rage ma'aikata 2,000, za a kuma rage kuɗin sallamar da ake ba ma'aikatan Birtaniya da rabi. Tsakanin waɗannan ranaku biyu kamfanin ya yi shugabanni uku, ya ƙulla cinikin sayar da reshensa na Amurka, ya yi asarar kusan fam biliyan 3. Abin da wannan nazari ya sa a gaba shi ne yadda shekarar ta kasance ga wanda ke zaune a teburinsa yana karɓar albashin wata.

Abin da ya gabaci saƙon

Aviva ba sabon shiga ba ne. An kafa Norwich Union a birnin Norwich a 1797, ya haɗe da kamfanin inshorar CGU a 2000, aka raɗa wa haɗakar suna Aviva a 2002. Shekaru masu yawa kamfanin yana cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a Norwich, yana kuma da manyan ofisoshi a York, Perth da Sheffield. Aikin inshora a irin waɗannan garuruwa aiki ne da ake shiga da niyyar a tsufa a ciki. Ba a yin arziki da shi, amma akwai fansho, akwai tabbacin gobe.

Tabbacin nan ya daɗe yana zaizayewa kafin 2012. A ƙarshen 2003 kamfanin ya sanar zai mayar da ayyuka 2,350 Indiya. A 2006 ya sanar da rage 4,000. A 2009 aka sauke sunan Norwich Union daga alluna gaba ɗaya, abin da bai yi wa mutanen garin daɗi ba. A 2011 aka rufe tsohon tsarin fansho mai dogaro da albashin ƙarshe, har ga waɗanda suka daɗe a cikinsa, a watan Oktoban shekarar kuma aka sanar da rage ayyuka 950 a Ailan. Shi kansa Aviva Investors, a watan Janairun 2012 aka ce za a rage masa mutum 160. A makon da saƙon kuskuren ya fita, an riga an sanar cewa manyan shugabanni uku za su tafi, ciki har da Alain Dromer, shugaban reshen da kansa.

Ke nan mutanen da suka karanta imel ɗin nan, wata uku da suka wuce an gaya musu za a sallami wasunsu, ga shugabansu kuma yana tattara kayansa. Kuskuren danna maɓalli yana faruwa a kowane ofis. A wurin da hankali ke kwance, mutum zai karanta ya yi murmushi ya tambayi na kusa da shi ko shi ma ya samu. A wurin da aka saba jin sanarwar ragi duk shekara, ko da minti biyu ne sai gaba ya faɗi kafin hankali ya dawo. Akwai kuma abin da saƙon ya tona ba da niyya ba. Kowa ya ga ainihin kalmomin da za a aiko masa ranar da tasa ta zo: mayar da kaya, riƙe sirri, Allah ya ba da sa'a. Takarda ce da aka rubuta sau ɗaya aka ajiye, suna kawai ake canzawa.

Shugaban da albashinsa

Andrew Moss ya shigo Aviva a 2004 a matsayin daraktan kuɗi, ya zama shugaban kamfanin a watan Yulin 2007. Ya zo da take mai cewa Aviva ɗaya ne kuma ƙimarsa za ta ninka, da alkawarin ninka ribar kowane hannun jari kafin 2012. Bai yi sa'ar lokaci ba. Rikicin kuɗi na duniya ya faɗo a 2008, na ƙasashe masu amfani da yuro ya biyo, Aviva kuwa yana da harka mai yawa a Italiya da Sifaniya. Lokacin da 2012 ta zo, farashin hannun jarin kamfanin ya faɗi da fiye da rabi daga inda Moss ya same shi.

A cikin wannan hali ne kwamitin albashi na hukumar daraktoci ya amince a ƙara masa albashi, daga fam 960,000 a shekara zuwa sama da miliyan ɗaya kaɗan. Ƙarin bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, kuma a lissafin kamfani mai juya biliyoyi ba komai ba ne. Sai dai fam 46,000 ɗin da aka ƙara ya fi albashin shekara na mai amsa waya a sashen biyan diyya. Masu hannun jari suka yi ca, dama suna jin haushin makudan kuɗin da aka ba Trevor Matthews don a jawo shi ya shugabanci harkar Birtaniya. A ƙarshen Afrilu Moss ya ce ya yafe ƙarin. Yafewar ta zo a makare. A babban taron shekara na 3 ga Mayu, kashi 54 cikin ɗari na ƙuri'un da aka kaɗa sun ƙi amincewa da rahoton albashin shugabanni. Ƙuri'ar ta shawara ce kawai a dokar wancan lokaci, ba ta tilasta wa kowa komai, amma ranar 8 ga Mayu Moss ya ajiye aiki. Ba shi kaɗai ba ne a wannan bazara: shugabannin kamfanin jaridu na Trinity Mirror da na magunguna na AstraZeneca su ma sun tafi cikin matsin masu hannun jari.

Ya tafi da abin da aka ƙiyasta ya kai fam miliyan 1.75, wanda babban kasonsa albashin wata goma sha biyu ne a madadin notis. Ba a karya wata doka ba, abin da kwantiraginsa ya tanada ke nan. A riƙe wannan adadi, domin da shi ma'aikata za su auna nasu bayan wata goma sha ɗaya.

Daga hawa tara zuwa biyar

John McFarlane, ɗan Sikotland da ya shugabanci bankin ANZ na Ostireliya daga 1997 zuwa 2007, an riga an zaɓe shi ya zama shugaban hukumar daraktoci. Da Moss ya tafi sai ragamar gudanarwa ma ta faɗo hannunsa. A farkon Yuli ya fito da sakamakon bincikensa, bai kuma ɓoye komai ba. Ya raba harkokin kamfanin gida 58. Ya ce 15 suna tafiya daidai, 27 suna buƙatar gyara, 16 kuma za a rabu da su. Za a rage kashe kuɗi da fam miliyan 400. Ya ce kamfanin ya cika sarƙaƙiya da jan ƙafa, tsakanin shugaban kamfani da ƙaramin ma'aikaci akwai hawa tara na manajoji, za a mayar da su biyar. A watan Agusta aka sanar cewa ayyuka har 800 a Birtaniya suna cikin haɗari.

Ƙananan ma'aikata da yawa a manyan kamfanoni za su yarda da ganewar McFarlane. Wanda ya taɓa jiran mako uku kafin a sa hannu a kan abin da shi da kansa ya san amsarsa, ba sai an yi masa bayanin illar hawa tara ba. Inda abin yake da zafi shi ne yadda ake cire hawan. A tsarin Birtaniya, mutum yakan fara samun takarda cewa aikinsa na cikin haɗari. Sai a shiga lokacin tuntuɓa. Sai a zana sabon jadawali mai ƙarancin kujeru, a tara waɗanda ke aiki iri ɗaya wuri guda, a ba su maki ko a yi musu ganawa. Mutanen da suka yi shekara goma suna shan shayi tare sai su wayi gari suna takarar kujera ɗaya. Kuma duk tsawon makonnin nan ana so su ci gaba da kula da na ƙasa da su, su kwantar musu da hankali, su tabbatar aiki bai tsaya ba.

Manajan tsakiya shi ne mutumin da aka fi saurin zagi a ofis, shi ne kuma wanda ake gane amfaninsa bayan ya tafi. A kamfanin inshora, shi ne yakan san dalilin da ya sa aka rubuta wani sharaɗi a takardar inshorar da aka sayar shekara ashirin da suka wuce, ya san wane dillali ne maganarsa ke da nauyi, ya san lokacin da neman diyya ke warin zamba da lokacin da mai nema kawai bai iya cike fom ba. Kamfani irin Aviva, wanda aka ɗinke daga kamfanoni da dama, kowanne da tsohuwar manhajar kwamfutarsa da tsofaffin alkawuransa, ya fi kowa dogaro da irin wannan sani da ba a rubuta shi a ko'ina ba. Idan aka cire hawa huɗu, aikin sa hannu yana raguwa, gaskiya ne. Amma wanda ya rage yana kula da mutane ninkin na da, kuma matakan da ƙaramin ma'aikaci yake hangen zai taka sun ragu da kusan rabi. Wannan na ƙarshen ba a cika faɗinsa a sanarwa ba.

A watan Disamba aka amince a sayar da reshen Amurka ga kamfanin Athene a kan dala biliyan 1.8. Aviva ya sayi AmerUs, ginshiƙin reshen, a kan dala biliyan 2.9 a 2006. Wannan sayarwar ce ta jawo asarar kusan fam biliyan 3 da aka bayyana a watan Maris 2013, tare da rage rabon ribar shekara daga fene (kwabon fam) 26 zuwa 19 a kowane hannun jari. Don a yi adalci, na sama ma sun ɗanɗana: daraktocin gudanarwa ba su sami bonas na 2012 ba, aka kuma tsayar da ƙarin albashi ga manyan manajoji 400.

Afrilu 2013, da lissafin makonni

Mark Wilson, ɗan New Zealand da ya taɓa shugabantar kamfanin inshorar AIA a Asiya, ya kama aiki a matsayin sabon shugaban kamfanin a farkon Janairu 2013. Bayan wata uku da rabi ya sanar da rage mutum 2,000, kimanin kashi 6 cikin ɗari na ma'aikata 31,000 da ɗoriya, a Birtaniya da Turai da Asiya, cikin wata shida. A cikin sanarwar ne aka ce kuɗin sallama na ma'aikatan Birtaniya zai sauka daga albashin mako huɗu a kan kowace shekarar aiki zuwa mako biyu, kuma komai daɗewar mutum ba zai wuce albashin mako 78 ba. Ƙungiyar ƙwadago ta Unite ta kira matakin rashin tausayi da abin kunya.

A yi lissafin a hankali. Wadda ta yi shekara 15 a sashen biyan diyya, a tsohon tsari tana da albashin mako 60, wato fiye da shekara guda ta neman wani aiki ba tare da gidanta ya girgiza ba. A sabon tsari tana da mako 30. Kafin mutum ya tara albashin shekara guda a tsohon lissafi, shekara 13 yake buƙata. A sabon, 26. Moss ya yi shekara takwas a kamfanin. Da an yi masa lissafin ma'aikata, mako 32 zai samu a tsohon tsari, 16 a sabo.

Kwatancin bai cika daidai ba, kuma ya kamata a faɗi haka. Abin da aka ba Moss kuɗin notis ne, ba kuɗin sallama ba, su ma ma'aikata suna da nasu notis ɗin, wanda doka ta ce aƙalla mako ɗaya ne a kan kowace shekara har zuwa mako 12. Sannan ko sabon tsarin ya fi abin da doka ta wajabta nesa. Dokar Birtaniya tana ba da albashin mako ɗaya ne a kan kowace shekarar da mutum ya yi yana tsakanin 22 da 40, mako ɗaya da rabi daga 41 zuwa sama, ba a ƙirga fiye da shekara 20, kuma a 2013 ba a lissafa albashin mako sama da fam 450. Matar nan mai shekara 15 a aiki, in tana da shekara 45 a duniya, mako 17 doka ta ba ta, fam 7,650 in ya yi yawa. Kamfanin yana da hujjar cewa mako huɗu ya fi abin da takwarorinsa ke biya. Amma ma'aikaci ba da doka yake auna abin da aka yi masa ba. Yana aunawa ne da abin da yake da shi jiya, da kuma abin da ya ga an ba wanda ya jagoranci sayayya da dabarun da suka kai kamfanin ga wannan hali. Kwantiragin shugaba an cika shi har ƙwandala saboda kwantiragi ne. Na ma'aikata an sake rubuta shi saboda ana iya sake rubuta shi.

Dokar ƙasa ma ta motsa a shekarar, ta fuska biyu. Daga 6 ga Afrilu 2013, kwana goma sha biyu kafin sanarwar Wilson, mafi ƙarancin lokacin tuntuɓar da ake buƙata idan za a sallami mutum 100 ko fiye ya sauka daga kwana 90 zuwa 45. A watan Oktoba kuma, saboda boren da ya ci Moss da irinsa, aka ba masu hannun jari ƙuri'a mai tilastawa a kan tsarin albashin shugabanni. Masu hannun jari sun yi fushi sau ɗaya a taron shekara, cikin kwana biyar shugaba ya tafi, cikin wata goma sha bakwai doka ta canza. Ma'aikata sun sami sanarwar manema labarai daga ƙungiyarsu.

Waɗanda suka rage

Ana yawan ba da labarin rage ma'aikata ta bakin waɗanda suka tafi, alhali sanarwar Afrilu ta fi yin magana da mutum 29,000 da za su zauna. Rage kuɗin sallama ba ya ceton kamfani ko fam ɗaya sai ranar da zai sake sallamar wani. Duk ma'aikacin da ya iya lissafi, kuma kamfanin inshora cike yake da masu lissafi, ya fahimci cewa ana rage farashin zagaye na gaba ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A aikace wannan yana nufin gogaggun da kasuwa ke nema su fara amsa wayar masu farautar ma'aikata, waɗanda ba su da inda za su kuma su koyi yin shiru. Shirun nan yana da tsada a harkar inshora, domin ribar kamfani ta dogara ne ga wani ƙaramin ma'aikaci ya iya cewa wannan farashi ya yi araha da yawa, ko wannan haɗari bai kamata mu ɗauka ba, a gaban manajan da ke neman cika adadin cinikinsa.

Wilson ya zo da ɗabi'u huɗu da yake so kamfanin ya ginu a kansu: ƙara kulawa, kashe sarƙaƙiya, rashin hutawa a kan nasara, da barin abin gado. Ba laifi a cikin ko ɗaya. Sai dai wanda aka rage wa kuɗin sallama da rabi, in ya ga an manna ƙara kulawa a bango, da wuya ya karanta shi yadda mai rubutawa ya nufa. Shugabanni sukan ɗauka al'adar wurin aiki ana gina ta da taro da alluna. Na ƙasa suna karanta ta ne daga wa aka ƙara wa girma, wa aka bari ya tafi, da nawa aka ba shi.

Hujjar shugabannin, da abin da ya biyo baya

Ba za a ce McFarlane da Wilson sun yi aikin banza ba. Kamfanin inshora alkawari yake sayarwa, wani sai bayan shekara talatin za a cika shi, kuma in jarinsa ya yi rauni, masu fansho da masu inshorar rai ne a sahun gaba na waɗanda za su cutu. Masu zuba jari a 2012 suna shakkar ƙarfin jarin Aviva da gaske. Bayan sayar da rassa da rage kashe kuɗi, kamfanin ya koma riba a 2013, rabon riba ya fara hawa. A ƙarƙashin Wilson ɗin nan ne kuma, a 2017, Aviva ya ba iyaye maza da mata hutun haihuwa iri ɗaya, mako 26 da cikakken albashi a Birtaniya, abin da kamfanoni kaɗan ne suka yi a lokacin. Mutum ɗaya ne ya sa hannu a kan wannan da kuma sanarwar 2013, kuma ma'aikacin da ya ga duka biyun yana da dalilin yabo da na ƙorafi.

Zargin da waɗanda suka rage suka yi game da zagaye na gaba bai zama ƙarya ba. A 2015 Aviva ya sayi kamfanin inshorar Friends Life a kan fam biliyan 5.6, aka sanar da rage ayyuka kusan 1,500. Wilson ya sauka a watan Oktoban 2018. Magajinsa Maurice Tulloch ya sanar da rage 1,800 a watan Yunin 2019, shi ma da alkawarin sauƙaƙa tsarin kamfanin, bai kuma cika shekara ɗaya da rabi a kujerar ba. Amanda Blanc ta karɓa a watan Yulin 2020, ta sayar da rassan Faransa, Italiya, Poland da wasu, ta taƙaita kamfanin ga Birtaniya, Ailan da Kanada. A ƙarshen 2024 ta ƙulla cinikin sayen kamfanin inshorar Direct Line a kan fam biliyan 3.7, aka ce ayyuka har 2,300 na iya tafiya cikin shekara uku, yawanci inda kamfanonin biyu ke da mutane masu aiki iri ɗaya. Kamfanin ya ce wani ɓangare na adadin zai fito ne daga masu barin aiki da kansu da guraben da ba za a cike ba.